Masu Allon Talla: Inji Yana Yanka, Amma Ba Ya Karatu

Da wuya a buɗe sabon kasuwanci a biranenmu yau ba a biya ta hannun mai allon talla ba. Mai kemis, tela, mai POS, makarantar Islamiyya, asibitin kuɗi, gidan abinci, ɗan takarar kansila, kowa yana son sunansa a sama, inda ido zai kai tun daga nesa. Sana'a ce da aikinta ya cika titi, daga Titin Gidan Zoo a Kano zuwa Ahmadu Bello Way a Kaduna, amma kaɗan ne suka san inda gizo ke saƙa a cikinta. Mai wucewa zai zaci wahalar tana wajen walda ƙarfe da hawa tsani cikin rana. Masu sana'ar kuwa wani lokaci daban suke tsoro: sa'ar da aka buɗe fayil ɗin da kwastoma ya kawo, aka tarar haruffan da suka fito a fuskar kwamfuta ba su ne waɗanda ya gani a wayarsa ba.

Daga burushi zuwa wuƙar inji

A da, mai rubutun allo haruffansa a hannunsa suke. Zai ja layi da alli ko zare, ya auna tsayin harafi, ya tsoma burushi a fenti ya fara. Kwastoma kalmomi kawai yake kawowa, siffar harafi kuwa ta mai burushi ce, shi ya sa ake gane aikin wane ko bai sa hannu ba. Har yanzu akwai irinsu, su ne ke rubuta karin magana a jikin manyan motoci da sunan makaranta a katanga. In kalma ta yi tsawo, mai burushi zai matse ta tun yana tafe. In akwai ƙ a ciki, zai lanƙwasa mata kai ya wuce, babu wanda zai tambaya izini.

A farkon shekarun 1980 kamfanin Gerber na Amurka ya fito da injin da ke yanka harafi a kan leda mai danƙo, wadda muke kira sitika. A 1989 kuma kamfanin Corel na Kanada ya fitar da CorelDRAW, manhajar da har yau ita ce gatarin masu zane da ɗab'i a Najeriya. Da injinan China masu sauƙin kuɗi suka shigo, sai sana'ar ta sauya kama. Shagon da ya tsaya da ƙafarsa yanzu za ka same shi da kwamfuta, da injin yanka sitika, da babban injin buga fleks, da janareta, da mai walda da ke haɗa firam. Wasu sun ƙara da injin leza ko na sassaƙa domin yanka haruffan roba masu kauri da ake sa wa fitila a ciki. Ƙananan shaguna zane kawai suke yi, sai su kai wa masu babban inji su buga, a yi musu lissafi da ƙafa. A manyan cibiyoyin ɗab'i irin su Shomolu a Legas, fayil ɗaya kan ratsa kwamfuta biyu ko uku kafin ya zama allo.

Sauyi mafi girma bai zo daga inji ba, daga kwastoma ya zo. Yanzu da zanensa yake shigowa. Ƙaninsa ya haɗa masa a Canva, ko ɗansa ya yi a PixelLab a waya, ko sakatariyar ofis ta tsara a Word. Zai miƙo filashi ko ya turo ta WhatsApp ya ce, "Malam, an gama komai, bugawa kawai za ka yi." Daga wannan magana rigima ke farawa.

Abin da fayil ke ɗauke da shi

Yawancin mutane sun ɗauka in sun ajiye zane, siffar haruffan na cikin fayil ɗin. Galibi ba haka ba ne. Abin da fayil ke riƙewa shi ne lambar kowane harafi, da girmansa, da sunan zubin haruffan da aka zaɓa, wato abin da masu sana'ar ke kira font. Shi font ɗin wani ƙaramin fayil ne daban, yana zaune a kwamfutar da aka yi zanen. Kamar ka kai wa tela takarda mai ɗauke da sunan shadda da awonka, ka bar shaddar a gida: in yana da irinta a shago, to, in babu, da abin da ya samu zai ɗinka.

Haka manhaja take yi. CorelDRAW in ta rasa font, takan fito da akwatin tambaya ta nuna wanda take son sakawa a madadinsa, bisa wani tsarin kwatanta kamannin haruffa mai suna PANOSE. Yaron shago da layi ya taru a kansa sai ya danna amincewa bai karanta ba. Wasu manhajojin da ke zuwa tare da injin yanka ko tambayar ba sa yi. To haruffa ba faɗinsu ɗaya ba. Sunan shagon da ya zauna daram a layi ɗaya sai ya karye biyu, ko ya hau kan tambari. Lambar waya mai lamba goma sha ɗaya sai ta ƙarshe ta faɗo ƙasa, ko ta ɓuya a bayan iyakar akwatin rubutu. Allo ya yi kyau, an kafa, an biya, amma duk wanda ya kwafi lambar ba zai samu mai shago ba.

Ba sai font ɗin ya zama baƙo ba kafin a shiga wannan hali. Mai amfani da kwamfutar Apple yana da Helvetica, wanda ba ya zuwa da Windows. Microsoft kuma, bayan ta riƙe Calibri tun 2007 a matsayin harafin da Word ke buɗewa da shi, ta maye gurbinsa da Aptos daga 2023, saboda haka takardar da aka tsara a sabuwar kwamfutar ofis kan sauya fuska a tsohuwar kwamfutar shago. Tsofaffin font na nau'in Type 1, waɗanda aka yi tamburan kamfanoni da yawa da su, Adobe ta daina karɓarsu a manhajojinta tun Janairun 2023. Akwai kuma font biyu masu suna ɗaya amma fitowa daban, ɗaya yana da haruffan da ɗayan ba shi da su. Wannan ya fi kowanne yaudara, domin manhaja ba za ta yi ƙorafin komai ba.

Inda wuƙa take bi

Kuskuren font a takardar ofis asarar takarda ɗaya ne. A wajen mai allo, asarar bandir ɗin sitika ne, ko fleks mai ƙafa ashirin, ko farantin roba da aka riga aka yanka. Dalili kuwa shi ne injin yanka bai san harafi ba. Wata 'yar wuƙa ce mai juyawa take bin layin gefen kowace siffa, duk inda layi ya bi nan za ta tsaga.

Wannan ya sa wasu matsaloli ba sa bayyana a fuskar kwamfuta ko kaɗan. Haruffan ado masu haɗe da juna, irin waɗanda masu shagon kwalliya da gyaran gashi ke so, kowane harafi wutsiyarsa tana shiga cikin na gaba. A ido kalma ɗaya ce sumul, amma wuƙa za ta yanka kowane harafi daban, ta datse kalmar a kowace gaɓa, sai fa in an narkar da su sun zama siffa guda kafin a tura. Haka kaurin bogi: in font ba shi da nau'i mai kauri, Word kan kumbura shi don ido kawai, amma layin ainihi siriri ne, shi kuma wuƙa za ta bi. Shi ya sa gwani ba ya tura aiki sai ya juya zanen zuwa yanayin da ke nuna layuka tsirara ba launi, ya bi su da ido.

Bayan yanka akwai tsince, wato cire sitikar da ba a so da tsinken ƙarfe, har da cikin a da o da d. Font mai siraran ƙafafu in aka yi shi ƙarami, tare da sharar yake tashi. In kuwa faranti ake yankawa don a fesa fenti, dole a bar wa cikin o da b 'yar gada da za ta riƙe shi, in ba haka ba rami kawai za a samu. Kwastoma ya zaɓi harafi don ya burge shi a waya. Mai allo ne ya san ko zai jure wuƙa da rana da hunturu.

Ƙugiyar da ke ɓacewa

Duk abin da aka faɗa ya shafi mai allo a ko'ina cikin duniya. Na ƙasar Hausa yana da ƙarin kaya: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. Tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, aka tsayar da waɗannan haruffa masu ƙugiya a rubutun boko, kuma littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, suka zaunar da su a idon masu karatu. Amma masu ƙera font, waɗanda mafi yawansu kasuwar Turai da Amurka suke kallo, ba su cika zana su ba.

Tsarin Unicode, wanda tun daga 1991 yake ba haruffan duniya lambobinsu, ya ba su gurbi, sai dai a warwatse. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin nazarin furuci, manyansu kuma tare da ƙ da ƴ suna wani rukuni daban. Font zai iya ɗaukar wannan rukuni ya bar wancan. Arial da Times New Roman na Windows ɗin yanzu suna da su duka, amma na zamanin Windows XP ba su da su, ga shi kuma suna ɗaya. Manyan haruffa masu kauri da ado da ake saukewa kyauta daga intanet, waɗanda su ne abincin mai allo, akasarinsu babu ko ɗaya a ciki.

Abin da ke biyo baya iri uku ne. Ko a ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin, wanda inji zai yanka da gaskiyarsa in ba a lura ba. Ko harafin ya ɓace ɗungum, a bar kalma da giɓi. Ko manhaja ta aro shi daga wani font, sai ka ga ƙ siririya ta tsaya a tsakiyar ƙattin haruffa. Alamar naira ma haka take sha, abin da ya sa allunan farashi suka cika da N tsura ko alamar #.

Akwai kuma gadon shekarun 1990. Kafin Unicode ya wadata, masana sun nemi mafita da kansu, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka ƙera font masu ƙugiya don Hausa, aikin da ya taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai. Dabarar irin waɗannan font ita ce a ɗora harafi mai ƙugiya a kan maɓallin da Hausa ba ta bukata. Wasu sun yi amfani da alamomin baka, wasu da q da x da v. Muddin font ɗin yana kwamfuta, komai lafiya. Ranar da fayil ya je inda babu shi, sai ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma ]aya ko xaya. Har yau irin waɗannan fayiloli suna fitowa daga makarantu da ofisoshi, kuma yaron da bai san tarihin ba zai zaci ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfuta.

A nan ake gane bambancin masu sana'a. Mai gaggawa zai goge ƙugiyar ya sa k, ya ce ai kowa zai gane. Sau da yawa ana ganewa, amma ƙyallen da aka rataya a ƙofar taro don yi wa manyan baƙi maraba, in ya koma "manyan baki", an sauya magana. Kuma allon titi ya fi littafi yawan masu karatu. Yaron da ke koyon boko yana ɗaukar abin da ya gani a manyan haruffa a matsayin daidai. Gwani yana da hanya biyu. Ko ya koma ga font da aka san suna da haruffan, irin su Noto na Google, ko Charis da Andika na ƙungiyar SIL, waɗanda duk kyauta ne. Ko kuma, in kwastoma ya nace a kan nasa, ya ƙera ƙugiyar da hannu: ya mayar da kalmar zane, ya yanko lanƙwasar kan f na wannan font ɗin, ya ɗora ta a kan sandar k, ya daidaita kauri, ya narkar da su wuri guda. In an yi da kyau, babu mai cewa ba tare aka haife su ba. Aikin mai burushi ne ya dawo ta wata ƙofa.

Larabci da ajami

Allon masallaci, na Islamiyya, na kamfanin jigilar alhazai da na mai maganin gargajiya sukan zo da Larabci ko ajami. Wannan rubutu daga dama yake tafiya, kuma harafi yana sauya siffa gwargwadon matsayinsa a farko, tsakiya, ƙarshe ko shi kaɗai. Manhajar da ba a gina ta da sanin haka ba, in ta karɓi rubutun, sai ta wargaza shi: kowane harafi ya tsaya shi kaɗai, jerin kuma ya juya daga hagu. Wasula kan zame daga kan haruffansu. Wanda bai yi karatun allo ba zai ga rubutu ne kawai mai kyau, ya tura inji. In aya ce ko sunan Allah, maganar ta wuce asarar kuɗi.

Ajami yana da tasa ƙarin matsalar, domin yana da alamomin da Larabcin gabas ba ya amfani da su, kuma idon mutanenmu ya saba da zubin rubutun Warsh. SIL ta fitar da font mai suna Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano, da wani mai suna Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma. Duk da haka, ƙa'idar shagon kirki ita ce kada wuƙa ta taɓa rubutun Larabci sai wanda ya iya ya karanta shi a fuskar kwamfutar da za ta tura aikin, ba a wayar kwastoma ba.

Yadda gwanaye ke kare kansu

Maganin da ya fi kowanne shi ne a mayar da rubutu zane tun a kwamfutar da aka yi shi. A CorelDRAW, a zaɓi rubutun a danna Ctrl da Q. Manhajar Illustrator ma tana da irin wannan umarni. Daga nan harafi ya daina zama harafi, ya zama siffa mai layi, ba ya bukatar font a ko'ina. Kuɗin wannan magani shi ne ba a iya gyara rubutun kuma. In an tarar da kuskure a lambar waya, sai an nemo font ɗin. Saboda haka mai hankali kwafi biyu yake ajiyewa, ɗaya rayayye don gyara, ɗaya daskararre don inji.

PDF yana taimakawa domin yakan ɗauko font a cikinsa, amma sau da yawa haruffan da aka yi amfani da su kaɗai yake ɗaukowa. In aka buɗe shi a matsayin rubutu don a ƙara kalma, sai matsalar ta dawo. In aka karɓe shi a matsayin zane, sai ya zo lafiya. CorelDRAW ma tun fitowar X7 a 2014 tana iya cusa font a cikin fayil, sai dai wasu masu font sun kulle nasu, lasisinsu bai yarda ba, kuma shagon da ke kan tsohuwar fitowa ba zai iya buɗe fayil ɗin sabuwa ba sai an ajiye masa daidai da tasa.

Hoto kuwa, wanda shi ne abin da aka fi turowa, labarinsa daban. Babu font da zai ɓace a cikinsa, amma babu layin da wuƙa za ta bi, kuma WhatsApp yakan matse shi in ba a tura shi a matsayin takarda ba. Abin da ya yi tsaf a tafin hannu, in aka ja shi zuwa ƙafa goma sai gefen haruffa ya zama matakala. Manhaja tana iya bin sawun hoton ta fitar da layi, amma kusurwoyi kan dakushe. Gwani ya gwammace ya gano font ɗin ya sake bugawa. Wasu suna ganewa da ido daga ƙafar R ko wutsiyar g, wasu su nemi taimakon manhajar WhatTheFont. Amfanin hoto na gaskiya shi ne shaida: a turo shi tare da fayil, don a kwatanta abin da aka buɗe da abin da ake nufi.

Mataki na ƙarshe ba na kwamfuta ba ne. Kafin a kunna inji, a ɗauki hoton aikin a tura wa mai shi: "Alhaji, a duba suna da lamba harafi-harafi, in an amince a rubuto." Wannan saƙon shi ne ke raba gardama ranar da aka zo ana cewa, "Ni ba haka na ba ku ba." Shagon da ba ya yin haka, shi ke biyan fleks na biyu daga aljihunsa.

Aikin da ba a aunawa da ƙafa

Yaron da ya shigo koyo da tsince yake farawa, sannan liƙa sitika da ruwan sabulu ba tare da kumfar iska ba, sannan saita wuƙa da ɗora bandir. Kujerar kwamfuta ita ce ta ƙarshe, kuma ba saurin hannu ne ke kai shi can ba. Maigida yana duba wanda yake tsayawa ya karanta akwatin tambaya kafin ya danna, wanda zai ɗago kai ya ce, "Oga, wannan kalmar kamar da ƙugiya take."

Sai dai tsarin farashin sana'ar bai san da wannan ba. Ana lissafi da ƙafa: tsawo sau faɗi, a ƙara kuɗin firam da na kafawa. Awa guda da aka kashe wajen farautar font, da ƙera ƙugiya, da haɗa Larabcin da ya wargaje, ba ta da gurbi a rasit, domin a ganin kwastoma ya kawo aikinsa a kammale. Muddin haka ne, mai gaggawa zai ci gaba da karya farashi, mai kula kuma ya ci gaba da yin aikin kyauta. Ya kamata masu shago su fito da kuɗin gyaran fayil a fili, su kuma gaya wa kwastoma tun farko yadda zai kauce masa: ya daskarar da rubutunsa, ya haɗo da hoto, ya faɗi sunan font. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin ƙafa kawai. Wanda ya kawo fayil a hargitse kuma ya san cewa karatun da aka yi masa aiki ne, kuma aiki yana da lada.